EURAXESS a kan sikeli: abin da yake yi wa mai neman aikin bincike bayan digirin digirgir, da inda ya gaza

Duk wanda ya kare kundin digirinsa na uku a fannin kimiyya ko injiniyanci, ya fara leƙen guraben aiki a Turai, ba zai daɗe ba wani zai turo masa adireshin EURAXESS. Shafi ne na Hukumar Tarayyar Turai, yana ɗauke da wannan suna tun 2008, kuma ƙasashe fiye da 40 ne ke cikinsa, har da waɗanda ba mambobin Tarayyar ba irin su Norwe da Suwizalan. Ba a biyan ko kwabo, daga mai neman aiki har jami'ar da ke saka talla. Ga mai neman aikin bincike na shekara ɗaya zuwa uku da malaman jami'a ke kira fosdok, hukuncina a taƙaice shi ne: allon sanarwa ne mai kyau ƙwarai, amma allon sanarwa ne kawai. Ba ya karɓar takardunka, ba ya bin sawunsu, kuma bai ƙunshi dukan guraben da ke Turai ba. Wanda ya fahimci haka zai ci moriyarsa sosai. Wanda ya ɗauka shi ne kasuwar gaba ɗaya zai ɓata watanni yana aika takardu inda tun farko ba shi ake nema ba.

Yadda ake tace tallace-tallacen

Kana shiga sashen ayyuka za ka tarar da dubban tallace-tallace a cakuɗe: na ɗaliban digiri na uku, na masu kula da ɗakin gwaje-gwaje, na farfesoshi, duk a layi ɗaya. A gefe akwai akwatunan tacewa: ƙasa, fannin bincike, nau'in kwantiragi, cikakken lokaci ko rabi, ko kuɗin aikin daga shirin binciken Tarayyar Turai ya fito. Akwatin da ya fi muhimmanci shi ne na matakin mai bincike, wanda aka kasa huɗu. R1 shi ne wanda bai kammala digiri na uku ba. R2 shi ne mai digirin da bai riga ya tsaya da ƙafarsa ba, yana aiki ƙarƙashin wani shugaban tawaga. R3 ya fara cin gashin kansa, R4 kuwa jagora ne a fanninsa. A ƙa'ida, fosdok R2 ne.

A aikace kuwa, ma'aikacin ofishin ɗaukar ma'aikata na kowace jami'a ne ke cika wannan akwati, kuma ba su da fahimta ɗaya. Wani zai saka gurbin fosdok a R1 don an ce sabon mai digiri ake so, wani zai zaɓi R1 har zuwa R4 gaba ɗaya don kada ya bar kowa a baya. Idan ka tace da R2 kaɗai, wasu guraben da suka dace da kai za su ɓace, wasu da ba naka ba za su shigo. Abin da ya fi aiki shi ne ka yi bincike sau biyu: sau ɗaya da R2 da fanninka, sau ɗaya kuma ka bar akwatin matakin a buɗe ka rubuta sunan dabarar da ka ƙware a kai. Rabe-raben fannonin da ke shafin suna da faɗi ainun. Mai aiki a kan batirin lithiyam zai ga tallarsa wani lokaci ƙarƙashin kimiyyar sinadarai, wani lokaci ƙarƙashin fiziks, wani lokaci injiniyancin kayan ƙira. Sunan na'ura, ko na manhaja irin su COMSOL ko OpenFOAM, ko na hanyar gwaji, ya fi saurin kai ka ga tallar da ta dace fiye da sunan sashen da ka fito.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga. Yawan tallar wata ƙasa a shafin ba ya nuna yawan aikin da ke cikinta. A Folan da Italiya doka ce ta wajabta wa jami'o'in gwamnati su buga gurabensu a shafin Tarayyar Turai, shi ya sa tallarsu ke cika ido. Da yawa daga cikinsu an saka su ne don cika sharaɗin doka: bayani layi uku, sauran kuwa yana can cikin wata doguwar takarda da harshen ƙasar. Jamus, wadda ke da cibiyoyin Max Planck da Helmholtz da Fraunhofer, tana bayyana ƙasa da girmanta, domin jami'o'inta da yawa a shafukansu suke tsayawa. Birtaniya kuwa tana da nata shafin, jobs.ac.uk, wanda Jami'ar Warwick ta kafa a 1998, can ne kusan kowace jami'arsu ke talla. Holan tana da AcademicTransfer, Norwe tana da Jobbnorge, cibiyar CNRS ta Faransa tana da nata shafin ɗaukar ma'aikata. Wasu daga cikin waɗannan suna tura tallarsu zuwa EURAXESS, amma wanda ya sa ido a kan ƙasa ɗaya ya kamata ya riƙa duba shafin ƙasar kai tsaye.

Karatun talla

Inda shafin ya cancanci yabo shi ne tsarin tallar. Kowace tana da gurabe iri ɗaya: sunan cibiya, sashe, wa'adin rufewa, nau'in kwantiragi, sa'o'in aiki a mako, ranar farawa, harshen da ake buƙata, sharuɗɗan cancanta, da yadda za a yi zaɓe. Wannan yana ba ka damar auna talla goma cikin rabin sa'a. Amma ba dole ba ne cibiya ta cika kowane gurbi, kuma wanda aka fi bari fayau shi ne na albashi.

Ko an rubuta shi ma, yawanci da lambar ma'auni ake rubutawa. A Jamus za ka ga "TV-L E13". Ma'aunin albashin ma'aikatan jihohi ne, yana da matakai shida gwargwadon shekarun aiki, kuma matakin farko ya kai wajen Yuro 4,600 a wata a 2025, kafin a cire komai. Bayan haraji da inshorar lafiya da fansho da sauransu, marar aure zai ga fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Sai ka duba kason da ke gaban lambar. Idan an rubuta kashi 100, cikakken aiki ne. Idan ka ga kashi 65 ko 75, mai yiwuwa gurbin ɗalibin digiri na uku ne da aka saka a akwatin da ba nasa ba. Matakin da za a ɗora ka kuma abin tattaunawa ne: shekarun da ka yi kana bincike da albashi a jami'arka ta gida za su iya shiga lissafi idan ka kawo takardun ɗaukar aiki masu nuna ranakun farawa da gamawa. Ka gabatar da su kafin sa hannu, domin gyara bayan sa hannu yana da wuya. Jamus tana da dokar 2007 da ta ƙayyade kwantiragin wucin gadi a jami'a zuwa shekara shida bayan digiri na uku, tara a fannin likitanci, don haka kada kowa ya shiga da tunanin za a yi ta sabuntawa har abada.

A Holan fosdok yana ma'auni na 10 ko na 11 na yarjejeniyar jami'o'i, kuma ana ƙara kashi 8 na kuɗin hutu da kashi 8.3 na ƙarshen shekara, abin da ya sa kuɗin shekara ya fi abin da lissafin wata goma sha biyu zai nuna. A CNRS sabon fosdok yana farawa ne a wajen Yuro 3,000 kafin cire-cire. A Denmak akwai rangwamen haraji na masu bincike daga waje, inda harajin da ake cirewa yake tsayawa a kashi 32.84 har tsawon shekara bakwai, amma ba ya zuwa da kansa, sai ma'aikatarka ta nema maka.

Suwidin tana buƙatar kulawa ta musamman, saboda abubuwa biyu ne ke ɗauke da suna ɗaya. Akwai fosdok na ma'aikaci, shekara biyu zuwa uku, mai albashi da haraji da fansho da hutun haihuwa, wanda aka tanada musamman don wanda bai wuce shekara uku da samun digiri ba. Akwai kuma fosdok na tallafi, wanda kuɗinsa ba a cire masa haraji, amma ba ma'aikaci ba ne kai: babu fansho, kuma haƙƙoƙin da ake lissafawa bisa albashi ba za su same ka ba. EURAXESS ba ya raba su da wata alama bayyananna. Sai ka karanta har ƙasa ka ga ko kalmar da aka yi amfani da ita ta aiki ce ko ta tallafi. Ga mai zuwa da iyali, bambancin yana da girma.

Wa'adin rufewa yana zuwa da agogon birnin da aka zaɓa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Burasel daidai yake da na Kano da Yamai. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da sa'a ɗaya. Ƙaramin abu ne, amma shafukan karɓar takardu suna kulle kansu a daidai minti, babu wanda za ka roƙa.

Wasu tallace-tallacen kuma, duk wanda ya daɗe a harkar ya san da wani a zuciya aka rubuta su. Alamominsu: wa'adi mako biyu kacal, sharuɗɗa masu tsauri da suka haɗa dabaru huɗu ko biyar da ba kasafai mutum ɗaya ke haɗa su ba, buƙatar harshen ƙasa a aikin da ba koyarwa a cikinsa, da ranar farawa kwanaki kaɗan bayan rufewa, wadda mai buƙatar biza ba zai taɓa cim mata ba. Tambarin "HR Excellence in Research" da za ka gani a jikin wasu cibiyoyi yana nufin sun yi alkawarin bin kundin ƙa'idojin masu bincike na Turai, wanda aka fara fitarwa a 2005, har da ɗaukar aiki a fili bisa cancanta. Alama ce mai kyau game da tsarin ofis. Ba ta gaya maka halin shugaban tawagar da za ka zauna da shi shekara biyu. Wannan sai ka duba jerin waɗanda suka bar ɗakin gwajinsa, ka ga ina suka tafi, ka rubuta wa ɗaya ko biyu ka tambaya.

Bayan ka danna maɓallin nema

Nan aikin EURAXESS yake ƙarewa. Maɓallin zai kai ka shafin jami'ar ko ya ba ka adireshin imel. Kowace jami'a da nata tsarin, sai ka sake buɗe asusu, ka sake loda takardu. Tarihin aikin da shafin ke ba ka damar ɗorawa a asusunka ba ya bin ka zuwa can, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗora shi ya zauna jiran kira. Wannan ne babban raunin hidimar: ba ta san ko an karɓi takardarka ba, ba ta san ko an cike gurbin ba, kuma talla tana iya zama a buɗe bayan an riga an zaɓi mutum.

Abin da ake nema kusan iri ɗaya ne ko'ina: tarihin aiki, jerin maƙalun da ka wallafa, wasiƙar neman aiki shafi ɗaya, wani lokaci bayanin shirin bincike shafi biyu ko uku, sunayen masu ba da shaida biyu ko uku, da kwafin takardun digiri. Inda masu nema daga jami'o'inmu suka fi faɗuwa sananne ne. Na farko jerin maƙalu. Tsarin ƙarin girma a gida yana ƙirga yawa, sai mutum ya jera maƙala talatin, ashirin daga ciki a mujallun da ba sa cikin Scopus ko Web of Science, rumbunan da ke jera mujallun bincike da aka tantance, wasu ma na masu karɓar kuɗi su buga komai. Shugaban tawaga a jami'ar Delft ta Holan ko ta Lund a Suwidin zai ga suna biyu irin waɗannan ya rufe fayil ɗin. Maƙala huɗu masu kyau, kowace da lambar DOI, wato lambar gano maƙala a intanet, da layi ɗaya mai bayyana abin da kai ka yi da hannunka a cikinta, sun fi talatin ɗin ƙarfi. Ka sa lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, a saman takarda.

Na biyu wasiƙa. An ɗauki fosdok ne don ya yi wani aiki da aka riga aka yi wa mai ba da kuɗi alkawari, cikin watanni ƙidayayyu. Mai karanta wasiƙarka yana tambayar kansa abu ɗaya: wannan zai iya kunna na'urar ya fitar da sakamako a wata na uku? Don haka ka ɗauki sharuɗɗan tallar ɗaya bayan ɗaya, ka nuna a wace maƙala ko wane babi na kundinka ka yi kowanne. Dabarar da ba ka taɓa yi ba, ka faɗi gaskiya, ka nuna makusanciyarta da ka iya. Doguwar gaisuwa da yabon jami'a suna cinye wurin da hujja za ta zauna. Na uku masu shaida: wasiƙar da ta fito daga adireshin Gmail ko Yahoo ba ta da nauyin wadda ta fito daga adireshin jami'a, kuma wasu shafukan suna aika wa mai shaidar mahaɗi mai ƙarewa cikin kwanaki. Ka sanar da malaminka kafin ka rubuta sunansa, ka kuma tuna masa ya duba akwatin saƙonnin banza.

Cibiyoyin da suka yi rajista ne kaɗai ke iya saka talla, wannan ya rage 'yan damfara sosai idan aka kwatanta da abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Duk da haka, babu jami'ar gaskiya a Turai da ke karɓar kuɗin neman aiki. Wanda ya ce ka biya don a duba takardarka, ba daga jami'ar yake ba.

Sashen masu masauki, wanda ya fi sauran daraja

Akasarin mutane a sashen ayyuka suke tsayawa. A ganina abin da ya fi amfani ga mai bincike daga Afirka yana sashen da ake kira "Hosting". Ba ayyuka ne a can ba. Tawagogin bincike ne ke sanar da cewa suna neman wanda za su haɗa kai da shi a rubuta neman tallafi, galibi tallafin fosdok na Marie Skłodowska-Curie da Tarayyar Turai ke bayarwa. A nan ba ka gasa a kan gurbin da wani ya tsara, kai ne ke kawo tunanin, jami'ar ta ba ka masauki da ɗakin gwaji.

Nau'in tallafin da ake yi a cikin Turai a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, wata 12 zuwa 24. Nau'in da ake fita wajen Turai kuwa na 'yan ƙasashen Tarayyar Turai da na ƙasashen da ke haɗe da shirin ne, da waɗanda suka daɗe da zama a cikinsu, kada ka ɓata lokaci a kansa. Sharuɗɗan uku ne manya. Dole ka riga ka kare kundinka kafin ranar rufewa. Dole kada ka zauna ko ka yi aiki a ƙasar masaukin fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Kuma kada shekarun bincikenka bayan digiri su wuce takwas. Wannan na ƙarshe ne ke sa malamai da yawa su cire rai ba tare da dalili ba, domin shekarun bincike ake ƙirgawa, ba shekarun kalanda ba. Lokacin da aka yi ana wani aikin da ba bincike ba, har da kason koyarwa, ana iya cire shi idan akwai takarda daga ma'aikata mai nuna kason. Mace kuma ana cire mata wata 18 a kan kowace haihuwa bayan digiri. Malamar da ta gama shekara goma da suka wuce, ta haifi biyu, tana ɗauke da kwasa-kwasai huɗu kowane zango, mai yiwuwa har yanzu tana ciki.

A zagayen 2024 da 2025 kuɗin zama Yuro 5,990 ne a wata, kuɗin ƙaura 710, na iyali 660 ga mai aure ko 'ya'ya, sai Yuro 1,000 a wata da ke hannun jami'a don kayan bincike da tafiye-tafiye. Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Ana ninka kuɗin zaman da ma'aunin tsadar ƙasa, ya hau a Denmak, ya sauka sosai a Folan ko Romaniya, sannan daga cikinsa ake cire har kason inshora da fansho da ma'aikata ke biya. Ka nemi ofishin jami'ar ya lissafa maka abin da zai shiga asusunka.

Takardar neman shafi 10 ce a babban ɓangarenta, kuma maki kashi uku ne: ingancin bincike 50, tasiri 30, tsarin aiwatarwa 20. Masana kimiyya sukan zuba ƙarfinsu a kashin farko su yi wa sauran biyun rubutun gaggawa, alhali rabin makin yana can: wace sabuwar ƙwarewa za ka koya, me kai za ka koya wa masu masaukinka, yaya za a yaɗa sakamakon, wane gwaji ne zai iya ƙin aiki kuma me za ka yi idan ya ƙi. Gasar tana da zafi. A 2024 an karɓi takardu fiye da 10,000, aka ba kusan 1,700. A 2025 masu nema sun haura 17,000. Har zuwa zagayen 2025, wanda ya samu ƙasa da maki 70 a shekarar da ta gabata ba ya iya sake nema da masauki ɗaya. Wanda ya kai 85 bai samu kuɗi ba ana ba shi takardar yabo da wasu ƙasashe ke karɓa su ba da nasu tallafin. Idan masaukinka yana ƙasashe irin su Fotugal, Folan ko Girka, akwai akwatin da za ka amince a sake duba takardarka a wani tallafin da ake kira ERA Fellowships. Ka cika shi, ba ya rage maka komai.

Ana rufewa ne a watan Satumba, da ƙarfe biyar na yamma agogon Burasel, wato ƙarfe huɗu a Kano, ƙarfe uku a Kumasi. Amma jami'o'i suna da nasu wa'adin na cikin gida, da yawa tun Afrilu ko Mayu suke zaɓar waɗanda za su mara wa baya, su shirya musu horo kan rubutun. Wanda ya buɗe sashen masu masauki a Agusta ya makara. Kuma ba a EURAXESS ake miƙa takardar ba, a wani shafin Hukumar ne na tallafi da kwangiloli, da asusun EU Login mai tabbatarwa mataki biyu. Ka saita shi da wuri a wayar da ba za ka canza ba.

EURAXESS yana da sashen tallafi ma, amma bai kai na masu masauki kulawa ba, ana samun sanarwar da ta tsufa. Tallafin Georg Forster na gidauniyar Alexander von Humboldt, wanda aka yi shi don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara huɗu da digiri ba, gara ka karanta sharuɗɗansa a shafin gidauniyar kanta.

Takardu, biza da iyali

Wani ɓangare na hidimar shi ne ɗaruruwan cibiyoyin taimako da ke cikin jami'o'i, masu amsa tambaya kyauta kan biza, masauki, haraji, makarantar yara da inshora. Ingancinsu ya danganta da mutumin da ke zaune a ofishin. Wasu har takardun ofishin shige da fice suke cika maka, wasu mahaɗi kawai za su turo. Sun fi amsawa da kyau idan ka riga ka samu tayi daga jami'arsu. Akwai kuma reshen Afirka da ke shirya taruka ta intanet kan tallafin Turai, ya cancanci a yi rajista da shi.

Abin da za ka tambaye su da suna shi ne yarjejeniyar masauki. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/801 ta tanadi izinin zama na musamman ga mai bincike: cibiyar ta sa hannu a yarjejeniya, kai ka kai ta ofishin jakadanci, iyalinka na da damar bin ka, kuma bayan kammala aiki kana da aƙalla wata tara na neman wani. Denmak da Ayalan ba sa ƙarƙashin wannan doka, suna da nasu tsarin. Game da iyali, dokar Tarayyar mata ɗaya ta yarda a kawo, mai mata fiye da ɗaya ya san da wannan tun kafin ya karɓi tayi. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure kuma yana buƙatar takardar shaida daga hukuma.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimin Apostille, wadda ke sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe, don haka takardun karatu sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, kafin ofishin jakadancin da ke buƙata. Ofisoshin Jamus ba sa buga hatimin tabbatarwa a takardun Najeriya, bincike suke sawa a yi a kan takardun aure da na haihuwa, da kuɗin mai nema, kuma yana cin watanni. Ka duba ko jami'arka tana da alamar H+, wato an amince da ita, a anabin, rumbun Jamus na tantance jami'o'in waje. A Folan ana iya buƙatar a daidaita digirinka da nasu a wata jami'a, aikin da doka ta ba shi har kwana 90. Wanda jami'arsa ba ta ba da ainihin takardar digiri sai bayan bikin yaye ɗalibai, ya karɓi wasiƙa daga makarantar karatun gaba da digiri mai ɗauke da ranar kare kundi da ranar amincewar sanet, domin da waɗannan ranakun ake lissafin cancanta. Sai matsalar da ta fi kama mutanenmu: Muhammad a fasfo, Mohammed a digirin farko, Muhammed a na uku, ko sunan gari ya bayyana a wata takarda ya ɓace a wata. Takardar rantsuwa ta kotu tana warware wannan, amma a yi ta kafin wani jami'i ya gano bambancin.

Masu injiniyanci da fiziks da kimiyyar kwamfuta suna da ƙarin shinge da tallar ba ta cika ambata ba. A Faransa ɗakunan gwaji da yawa suna cikin yankin da aka taƙaita shiga, ZRR, sai jami'in tsaro na ma'aikatar ya amince, kuma amsar na iya ɗaukar wata biyu. Ɗan Nijar yana da ribar harshe a can, amma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, ya kamata ya tambayi cibiyar inda zai miƙa takardun biza kafin a tsayar da ranar farawa. A Birtaniya, tun Mayun 2021 masu bincike daga ƙasashe irin namu a fannoni masu alaƙa da fasahar tsaro suna buƙatar takardar izini da ake kira ATAS kafin biza, ga kuma kuɗin lafiya fam 1,035 a kowace shekara ga kowane babba, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko. Wasu jami'o'in suna mayar da shi, wasu rance suke bayarwa, ka tambaya a rubuce.

Malamin da ke aiki a jami'ar gida ya daidaita batun hutu kafin ya sa hannu a ko'ina, musamman idan TETFund ko jami'arsa ce ta ɗauki nauyin digirinsa kuma akwai sauran shekarun da ya yi alkawarin yi mata aiki. Sannan ya tanadi kuɗin hannu. Albashin farko sai ƙarshen wata, wani lokaci ya haura zuwa na biyu idan asusun banki ko lambar haraji sun yi jinkiri, kuma mai gida a Jamus yana da damar karɓar ajiyar da ta kai hayar wata uku. Yawancin kwantiragin fosdok ba sa biyan kuɗin jirgi. Ka tambayi cibiyar taimakon ko jami'ar tana da gidan baƙi na masu bincike da za ka sauka watannin farko, kuma ka nemi ɗaki a ranar da ka karɓi tayin, domin a biranen jami'a irin su Munik da Amsterdam layin jira yana da tsawo.